Karen da Ya Ciji Malam Jabbi

Ku aje wayoyin nan tukuna ku zauna, karnukan ba gudu za su yi ba. Kun taso tun daga Sakkwato kun zo Wurno, wai kun ga a waya yadda ake tara karnukan da ba su da mai su, kuna son ku buɗe irin wurin. Wancan mai jar hula har ya ce mini, “Baba Altine, ai fili ne da kwano da tausayi.” To madalla, ɗana. Ni da na tsufa cikin abin, har yau in anka tambaye ni mi nike yi, sai na yi ta laluben amsa, kuma amsar ba kullum take gamsar da ni ba.

Aikin farko da na tuna, wata karya ce da ƙayar beguwa ta shige mata a leɓe. Lokacin ina hannun Kawu Labbo, ƙanen mahaifiyata, mafarauci a Lahodu. Ya ce in riƙe ta ya cire. Ni kuwa na nufe ta gaba da gaba, ina kallon idonta, ina miƙa hannu kamar zan gaisa da surukina. Kawu ya finciko ni ta wuyan riga. Ya ce kare mai ciwo ba a zo mai ta fuska, ba a tsaya mai a kai. Ka tsuguna, ka ba shi gefe, ka bar shi ya shinshini bayan hannunka, idonka na ga kunnuwansa da jelarsa. Wanda ke haushi da sauƙi. Wanda ya yi tsit, ya kwantar da kunne, ya daskare, shi ne zai ɗebi namanka. Ya jefa mata buhu a kai, ya danne kafaɗarta da gwiwa, ya zare ƙayar kafin in gama gyara rigata.

Kawun nan nawa kuma shi ake kira a kashe kare in ya ciji mutum. Shina da gora mai kauri don wannan aikin, kuma ban taɓa ganin ya ja da baya ba. Rannan anka kira shi wani gida, ya tafi da gorarsa, sai ga shi ya dawo da karen a raye, ya ɗaure shi bayan rumbu. Na ce, “Kawu, wanga fa?” Ya ce, “Ba shi ruwa.” Iyakar bayanin da na samu ke nan har Allah ya karɓi ransa. Daga wannan kare anka samu na biyu, anka samu na uku, ya rasu ya bar mini su. Kun ga ko mafarin sana'ar ban san dalilinsa ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowane sai ka sha wuya kafin ya bi hannunka. Ga wannan sandar mai zarge a baki, da ita ake kamu daga nesa. In ka ja da ƙarfi ka shaƙe shi, in ka sassauta ya zame ya juyo kanka, tsakanin biyun kuwa bai fi faɗin yatsa ba. Ga buhu. Ga takunkumi, dukawa ke ɗinka mini da fata, manya da ƙanana. Ga ɗakunan can na laka masu ƙofar ƙarfe, na ajiyar wanda ake tuhuma. Abinci kuwa tuwon dusa ne da ƙanzo da abin da mahauta sunka zubar. Sai cire kaska, da wankin ƙazwa, da kwashe kashi tun rana ba ta yi zafi ba. Wannan na ƙarshen ban ga ana nuna shi a waya ba.

Dokar kwana goma kuwa daga malamin dabbobi na koye ta, wani mutum mai haƙuri da ke zuwa yi musu allura. In kare ya ciji mutum, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, a kai mutumin asibiti ranar nan, kada a jira komi. Shi kuma karen a rufe shi a sa mai ido. In akwai hauka a bakinsa ranar da ya yi cizon, ba zai kai kwana goma ba, za ka ga dalala, muryarsa ta sake, ya dinga cizon ƙofa, ya mutu. In ya wuce shina ci shina sha, to cizon na fushi ne ko na tsoro. Wanda ya kashe karen a ranar farko ya kashe mai ba da shaida.

Mutanen da nike hulɗa da su, su ne ke ɗaure mini kai fiye da karnukan. Manomin rani zai zo ya roƙi ɗan kwikwiyo ya tsare mai albasa da injin ban-ruwa a fadama. Ran da ya kwashe albasa ya ɗora a mota, sai ya bar karen nan gindin bukka shina kallon hanya. Wata tsohuwa a Achida ta aiko a ɗauke nata don ya yi kuka irin na jan murya a ƙofar gida, wai mutuwa shike kira, sannan duk ranar kasuwa ta aiko a tambaye ni ko ya rame. Akwai wanda ba ya ba ni hannu a masallaci, matarsa kuwa ita ke aiko mini ƙanzo a ɓoye. Na je wajen wani babban malami na gidan ilimi a garin nan na tambaya. Ya ce a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma shayar da mai ƙishirwa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na fito da murna, ban kai ƙarshen lungu ba wani ya janye rigarsa don kada ta goge ni.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da mutanen ƙauyuka ta wajen Rabah da Goronyo sunka dinga baro gidajensu saboda rashin kwanciyar hankali. Wanda ya fito da 'ya'ya a kafaɗa ba ya tunanin kare. Karnukan sunka biyo sawu, wasu tun daga wajen Rara, ƙashi da fata, sunka cika bakin kasuwa da mahauta. Gari ya tsorata, kuma ban ga laifin kowa ba. Wasu sunka fara zuba nama mai guba a juji. Ya kashe karnukan, ya kashe kyanwoyi, ya kashe ungulaye. Ni kuma ina yawo da sanda da buhu, in kamo biyu in tarar da biyar a kwance. Ɗakunana sunka cika, dusa ta ƙare. A cikin wannan hali ne wani kare, Guntu, ya ciji Malam Jabbi.

Malam Jabbi masunci ne, dattijo mai sanyin magana, a bakin gulbin Rima shike aje jirginsa. Da safe ya je zai birkito jirgin, ashe wani jan kare mai guntuwar jela ya kwana ƙarƙashi. Ya taka mai ƙafa, kare ya kama shi a ƙwauri. Allah ya sa ina kusa. Na iske samari sun zagaye karen da duwatsu, na ratsa na zarge shi, na ce a wanke wa Malam ƙafa da sabulu a wuce da shi asibiti. Karen na kawo shi wancan ɗaki na ƙarshe na rufe. Don jelar tasa na sa mai Guntu.

Ban gama zuba mai ruwa ba sai ga sallama. Alhaji Umaru ne, wan Malam Jabbi, da samari biyu, ɗaya riƙe da gora.

Ya ce, “Altine, ba faɗa ya kawo mu ba. Ba mu karen.”

Na ce, “Alhaji, ku yi mi da shi?”

“Ka san abin da ake yi. Mu yanki gashinsa mu ƙona mu sa ga ciwon. Sannan a kashe shi tun bai haukace ba. In anka bar shi ya haukace, ko baɗi ne, ƙanena ya bi shi.”

Ku yaran birni ba lalle ku san wannan ba. Mutanenmu da yawa sun riƙe cewa in haƙorin kare ya shiga naman mutum, to igiya ɗaya ta ɗaure su, abin da ya samu karen daga baya shina iya biyo igiyar. Saboda haka gaggawar kashewa a wurinsu ƙauna ce. Alhaji Umaru ba mugu ba ne, ƙanensa shike tsoron rasawa. Na yi mai bayanin kwana goma, na sake, na kuma. Ya saurare ni da ladabi har na ƙare, ya ce, “To, yanzu ba mu karen.” Sai da munka je gaban mai unguwa. Ya raba mu da cewa a bar mini shi kwana goman nan, in sun cika iyalin Jabbi su yi yadda sunka ga dama. Na dawo gida ban san ko nasara na yi ba, don ko karen ya fita lafiya gora na jiransa.

Washegari sai ga Malam Jabbi da kansa, shina ɗingishi, ya biyo daga asibiti. Ya zauna a kan wancan turmin da ke kife, nesa da ƙofar, ya zuba wa karen ido ta tsakanin ƙarafa.

“Malam Altine, ya ci?”

“Ya ci.”

“Ruwa fa?”

“Ya sha.”

Ya gyaɗa kai ya tafi. Kashegari ya dawo da kawunan kifi a ƙunshin ganye, ya ce in ba shi, tuwon dusa ba abinci ba ne. Haka kullum. Wata rana anka yi zafi mai tsanani, Guntu ya ƙi taɓa kwano, ya kwanta shina haki. Na ga fuskar Malam Jabbi ta sake. Ya kama maƙogwaronsa ya ce shi ma yau tun safe wani abu ya tokare shi nan. Na ɗebo ruwan randa mai sanyi na tura wa karen. Ya tashi ya sha har ya lashe gindin kwano. Malam Jabbi ya sauke numfashi ya ce, “Ni ma ba ni.” Ya shanye moɗa guda. Na ce mai, “Malam, zafi ne, kai da shi duka.” Ya ce haka ne, amma na ga maganar ba ta shige shi ba.

Ran da kwanakin sunka cika, Guntu ya yi ƙiba, har shina kaɗa ɗan guntun nasa. Alhaji Umaru ya iso da samarinsa da gorarsu, ya ce alhamdu lillahi tunda an ga lafiyarsa lau, sai a kashe shi yanzu tun shina lafiya. Ni dai na tsaya da mabuɗi a hannu, mai unguwa ya riga ya yanke. Sai Malam Jabbi ya taso daga turminsa ya tsaya a bakin ƙofar.

Ya ce, “Yaya, ba wanda zai taɓa shi.”

“Jabbi, kai fa ya ciza.”

“Shi ya sa. Ku kunka ce igiya ɗaya ta ɗaure mu. To in an ɗaure awaki biyu anka jefa ɗaya rijiya, ɗayar ina za ta? Ran da ya ƙi ci na kasa haɗiya. Ran da ya sha na sha. Ku kashe shi ku ɗauki gawa biyu.”

Alhaji Umaru ya dubi ƙanensa, ya dubi karen. Duk rayuwarsa ta gefe ɗaya ya san igiyar nan, bai taɓa tunanin tana ja ta ɗayan ba. Ni kuma na ga abin ya wuce gona da iri, na ce, “Jama'a, ku ji tsoron Allah, babu wata igiya. Karen ba shi da hauka, Malam ya yi allurarsa, magana ta ƙare, rai kuwa na hannun Mai shi.” Su biyun sunka juyo tare sunka ce, “Kai dai yi shiru, Altine.” Samari sunka saɓa gora sunka tafi.

To ku gaya mini, wa ya ceci karen nan? Ni na yi gaskiya, na yi bayani har bakina ya bushe, ba ta cece shi ba. Camfin da ya zo kashe shi, shi ne ya juya ya tsaya mai a ƙofa. Na kai wa malamin dabbobi labari, ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce tunda kare ya tsira in gode wa Allah in rufe baki. Ban rufe ba. Duk lokacin da zance ya zo sai na ce, “Malam Jabbi, ranka daban, nasa daban.” Ya ce, “Na ji, Malam Altine. Ya ci?”

Shekaru sunka shuɗe a haka. Na so in ba wani mai garka Guntu ya yi gadi, Malam Jabbi ya ce a'a, in maciji ya sare shi fa? Na ce to ya kai shi gidansa. Ya ce shi da ke salla a sahun gaba ya aje kare a gida? Ko taɓa shi bai taɓa yi ba, daga turmi shike jefa mai kifi. In ya je kasuwar Goronyo ya dawo, nan shike fara biyowa kafin gida. In anka yi ruwa mai iska, da asuba ya zo ya duba ko ɗaki ya yi yoyo. Guntu kuwa ko ƙafar Malam ya ji daga nesa sai ya miƙe. Sauran karnukana ma sun ci albarkacinsa, don masunci ba ya zuwa da kan kifi ɗaya.

Kare ba ya daɗewa kamar mutum. Bakin Guntu ya yi fari, ido ya dushe, sannan ƙafafun baya sunka daina ɗaukarsa. Wani ƙari ya fito mai a ciki. Kwanciya ta huda mai fata, ina wankewa ina korar ƙuda, gari na wayewa ciwon ya ƙara faɗi. Ya daina haushi, sai wani siririn kuka da ba ya yankewa. Malamin dabbobi ya duba ya ce babu sauran magani, akwai allurar da za ta sa shi barci ba zai farka ba, kuma jinkiri zalunci ne. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina shiga tsakanin kare da gora, ni ne na ce a yi. Har yau in na tuna bakina ne ya faɗi haka, sai in ji kamar wani ne ya ara.

Malam Jabbi ya ce bai yarda ba. Na ce, “Malam, dubi halin da shike ciki.” Ya ce, “Ina gani. Amma ina da 'ya'ya ƙanana, Malam Altine. Ka bari Allah ya yi ikonsa.” Ga shi a wurina karen shike, da na ga dama da na kira malamin ba da saninsa ba. Na kasa. Mutum ne da ya yarda har cikin ransa cewa allurar nan a jikinsa za ta shiga, tsoro kaɗai na iya kayar da shi. In na bi ta karen na cuci mutum, in na bi ta mutumin kare na kuka. Na koma wajen malamin nan na gidan ilimi, ya ce in lallashe shi, kada in yi mai dole. Na lallasa. Kusan wata guda muna haka, shi a kan turmi, ni a bakin ƙofa, kukan nan a tsakaninmu. Kifin da ya kawo sai dai sauran karnukan su ci.

Wata safiya ya iso da farar rigarsa ta Juma'a, alhali ba Juma'a ba ce. Ya yi aski, ya sa turare. Bai zauna a turmi ba.

Ya ce, “Kira malamin dabbobi.”

Na ce, “Malam Jabbi, lafiya?”

“Na nemi gafarar iyalina. Na damƙa wa Yaya yaran da jirgin. Kukan nan ya isa. Kira shi.”

Na ce, “Wallahi babu abin da zai same ka.” Ya ce, “To. Kira shi dai.”

Malamin ya zo da jakarsa. Na buɗe ƙofa zan shiga in riƙe, Malam Jabbi ya riga ni. Ya zauna a ƙasa da farar rigar, ya ɗago kan Guntu ya aza a cinyarsa. Shina karanta abin da mutum ke karantawa in ya ga tafiya ta zo. Allura ta shiga. Kukan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya.

Malam Jabbi ya aje kan a hankali, ya fito ya zauna gindin itacen dogon yaron nan, ya fuskanci gabas, ya aza hannu a ƙirji. Jira shike yi. Malamin ya haɗa kayansa ya tafi. Ni na zauna kusa da shi. Inuwa ta janye ta bar mu a rana, bai motsa ba. Har anka kira azahar.

Sannan ya sauke hannun ya duba shi, ciki da baya. Na ɗauka hamdala zai yi, ko ya ce ashe gaskiyata. Sai na ga hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, “Ashe a banza na bar shi shina wannan kuka. Wata guda, Malam Altine. Don tsoron raina.”

Ya tashi ya tuɓe rigar ya rataye a reshe, ya ce in ba shi fartanya. Na ce ya bari ni in haƙa ramin da za a rufe Guntu, ƙasar wurin tauri gare ta, ga shi ba yaro ba. Ko kallona bai yi ba. Ya karɓa ya zagaya bayan ɗakin, ya fara sara.